Tasirin Muhallin Unguwa ga Motsa Jikin Yara da Tsofaffi: Nazari daga Gidan Dare, Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Daga cikin ginshiƙan da lafiya ta dogara a kansu akwai abinci mai kyau da isasshen barci da tsafta da kuma motsa jiki. Sau da yawa idan aka ga yaro ya lafe a ɗaki ba ya fita wasa, akan ɗora laifin a kan ƙyuya ko wayar hannu. Haka kuma idan aka ga dattijo ya daina zuwa masallaci da majalisa, akan ce tsufa ne ya kama shi. Ba kasafai ake waiwayar unguwar da suke zaune a cikinta ba, a tambaya ko akwai filin da yaron zai yi wasa, ko kuwa hanyar da dattijon zai bi tana biyuwa.

Wannan darasi ya ginu ne a kan wannan tambaya. Matashi mai jini a jika yana iya hawa babur ya tafi duk inda yake so, amma yaro da tsoho rayuwarsu ta yau da kullum ba ta wuce iyakar inda ƙafa za ta kai su. Saboda haka duk abin da ya sami unguwa, su yake fara samu. An zaɓi Gidan Dare da ke cikin birnin Sakkwato domin ta zama fagen misali, amma bayanan sun shafi kowace unguwa mai irin yanayinta a ƙasar Hausa.

1.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) bayyana ma'anar muhallin unguwa da ta motsa jiki;
(b) nuna yadda tsarin unguwar Bahaushe ta gargajiya ya tanadi hanyoyin motsa jiki;
(c) kawo sassan muhalli da ke ƙarfafa ko daƙile motsin yara da tsofaffi;
(d) fayyace rawar da malamin Hausa zai taka a makaranta da cikin al'umma.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Muhalli na nufin wurin da mutum yake zaune tare da duk abin da ke kewaye da shi. Idan aka ce muhallin unguwa, ana nufin abubuwa iri uku. Na farko, abin da mutane suka gina ko suka tsara, kamar gidaje da tituna da lunguna da magudanan ruwa da masallatai da makarantu da kasuwa. Na biyu, abin da Allah ya halitta, kamar zafi da sanyi da ruwan sama da itatuwa da yanayin ƙasa. Na uku, zamantakewar mutanen unguwa, wato sanin juna da amana da tsaro da kulawar manya ga yara.

Motsa jiki kuwa shi ne duk wani motsi da gaɓoɓi za su yi wanda ke buƙatar kashe ƙarfi. Bai tsaya ga guje-guje da tsalle-tsalle a filin wasa ba. Tafiya a ƙasa da shara da daka da jan ruwa a rijiya da noma da wasan yara duk suna ciki. Masana lafiya sun kasa shi gwargwadon ƙarfinsa. Akwai mai sauƙi, kamar tafiyar sannu. Akwai matsakaici, wanda ke sa numfashi ya ƙaru amma mutum yana iya magana, kamar tafiya da sauri. Akwai kuma mai tsanani, wanda ke sa haki, kamar gudu da langa da kokawa.

3.0 Birnin Sakkwato da Unguwar Gidan Dare

Muhammadu Bello ne ya kafa birnin Sakkwato a shekarar 1809, kusa da inda gulbin Sakkwato da gulbin Rima suka haɗu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya dawo cikinsa da zama a 1815, kuma a nan ya rasu a 1817. An kewaye birnin da ganuwa mai ƙofofi, daga cikinsu akwai Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku da Ƙofar Kware. Birni ne da aka tsara don mai tafiya a ƙasa da mai jaki da mai doki. Masallaci da kasuwa da makarantar allo da rijiya duk suna kusa da gida, lunguna kuma matsattsu ne, katangun ƙasa suna yi musu inuwa.

Bayan zuwan Turawa a 1903, musamman bayan da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan ta Jihar Sakkwato a 1976, birnin ya tsallake ganuwa ya yi ta faɗaɗa. A yau ya mamaye ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, ya kuma shiga sassan Wamakko da Kware da Dange-Shuni. Gidan Dare na cikin unguwannin da suka cika da jama'a sakamakon wannan faɗaɗa, kamar yadda Runjin Sambo da Gidan Igwai da Arkilla da Mabera suka cika.

Irin waɗannan unguwanni suna da fuska biyu. A bakin titi akwai shaguna da 'yan tireda da motoci da 'yan kabu-kabu da masu keke Napep. A cikin unguwa kuwa akwai gidaje manne da juna, da hanyoyin da Basakkwace ke kira rariya, da ƙananan masallatai da makarantun Islamiyya. Yaro da tsoho suna rayuwa ne tsakanin waɗannan fuskoki biyu. Ga kuma yanayin garin: daga watan Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, damina kan sauka tsakanin Yuni da Satumba, hunturu kuma kan zo da ƙura da hazo daga wajejen Nuwamba zuwa Fabrairu. Kowane lokaci daga cikin ukun yana da yadda yake taɓa fitar mutane.

4.0 Motsa Jiki a Unguwar Bahaushe ta Gargajiya

Bahaushen dauri bai ware wani lokaci ya ce na motsa jiki ba ne, domin tsarin zamansa ya riga ya ɗauke masa wannan nauyi.

4.1 Yara

Kusan kowace unguwa tana da dandali, wato fili mai rairayi wanda ba na kowa ba ne kuma na kowa ne. Da yamma ko da farin wata yara maza kan taru su yi langa da allan-ba-ku da kokawa da tseren dokin kara. A wasan langa yaro kan riƙe ƙafa ɗaya da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar, yana ture abokan hamayya har wanda ake kira ruwa ya kai wurin sha. Wasa ne da ke ƙarfafa ƙafa da ƙugu, ya kuma koyar da daidaita tsayuwa da aiki cikin ƙungiya. Darajarsa ta kai ga an sanya shi cikin wasannin gargajiya da ake gasa a kansu a Nijeriya, tare da dambe da kokawa. 'Yan mata kuwa suna da gaɗa, inda ake tafi da waƙa da rawa, ɗaya ta faɗo da baya sauran su tare ta su cilla. Suna kuma da 'yar gala-gala mai tsalle cikin zane, da carafke mai horar da ido da yatsu. Umaru Dembo ya tattara wasu daga cikin irin waɗannan wasanni a littafinsa Wasannin Yara.

Baya ga wasa akwai aike. Yaro ne ke kai niƙa, ya ɗebo ruwa, ya kai abinci gona, ya yiwo wa dabbobi ciyawa. Abin da ya sa iyaye suke sakin jiki shi ne, duk inda yaro ya bi akwai idon babba a kansa, domin a wancan tsari ɗa na kowa ne.

4.2 Tsofaffi

Dattijo kan taka zuwa masallaci sau biyar a yini. Yakan je jana'iza da ɗaurin aure da suna da dubiya, yawanci a ƙasa. Tsakanin wannan da wancan akwai zaure da dakali da gindin bishiya, inda zai zauna ya huta, a gaisa, a yi dara ko a saurari karatu. Tsohuwa ita ma ba ta zama wuri ɗaya. Ita ke zuwa barka da biki da ta'aziyya a madadin matan da ke cikin kulle, wata kuma tana dillanci gida-gida. A tsakar gida akwai shara da tankaɗe da kaɗi da kiwon kaji da awaki. Ke nan zumunci da ibada da sana'a su ne suka riƙe jikin tsofaffi, hanyoyin unguwa kuma suka ba su damar yin haka.

5.0 Abin da Binciken Masana ya Tabbatar

A shekarar 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu bene a birnin Landan. Ya gano cewa kwandastoci, waɗanda ke yini suna hawa da sauka, ciwon zuciya bai kama su kamar yadda yake kama direbobin da ke yini a zaune ba. Tun daga lokacin bincike ya yi ta tabbatar da cewa ƙarancin motsi yana da hannu a hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, an so yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya sami kimanin minti 60 a kullum na motsi matsakaici zuwa mai tsanani. An so baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako. Wanda ya kai shekara 65 kuwa an ƙara masa da atisayen ƙarfafa gaɓoɓi da daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako, domin kare shi daga faɗuwa. Sai dai alƙaluman hukumar sun nuna cewa a 2016 kashi 81 cikin 100 na yaran duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba su kai wannan mizani ba, kuma 'yan mata sun fi maza gazawa. A 2022 kuma kashi 31 cikin 100 na manya ba su kai nasu mizanin ba.

Dangane da muhalli, mujallar Lancet ta buga wani bincike a 2016 wanda aka gudanar a birane 14 na ƙasashe 10. An gano cewa mazauna unguwannin da suka fi dacewa da tafiya a ƙasa sun fi mazauna waɗanda ba su dace ba motsi da minti 68 zuwa 89 a mako. Abubuwan da suka kawo bambancin sun haɗa da yawan gidaje kusa da juna, da yawan mahaɗar hanyoyi, da wuraren shiga motar haya, da wuraren shaƙatawa. A nan gida, Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa a Jami'ar Maiduguri sun mayar da takardar tambayoyin auna motsa jiki ta ƙasa da ƙasa zuwa Hausa a 2011. Sun kuma yi nazarce-nazarce a kan matasa da manya da tsofaffin Maiduguri, inda suka nuna cewa yadda mutum yake kallon unguwarsa, musamman ta fuskar tsaro daga ɓata-gari da haɗarin ababen hawa, yana da alaƙa da yawan motsin da yake yi. Maiduguri da Sakkwato sun yi kama ta fuskar zafi da tsarin zama, don haka darasin ya shafi Gidan Dare kai tsaye.

6.0 Sassan Muhalli Masu Tasiri

6.1 Filin Wasa

Idan unguwa ta cika, fili kan yi tsada, kuma dandali ne ke fara tafiya. Akan yanka shi fuloti-fuloti, ko a kafa shaguna, ko ya koma juji. Yara ba sa daina wasa nan take, sai dai su koma kan rariya ko cikin kango. A nan ƙwallo kan faɗa gidan mutane a kore su, ko gilashi ya yanke su, ko babur ya buge su. Daga nan iyaye su hana fita. Wasannin da ke buƙatar sarari, irin su langa da allan-ba-ku, su ne ke fara ɓacewa. 'Yan mata sun fi cutuwa, domin ɗan filin da ya rage samari masu ƙwallo ne ke mamaye shi, gaɗa kuma ba ta yiwuwa a bakin titi.

6.2 Titi da Ababen Hawa

Kwalta alheri ce, amma idan aka shimfiɗa ta ba tare da gefen masu tafiya a ƙasa da wurin tsallakawa ba, takan raba unguwa biyu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yaro ƙarami bai iya kintatar gudun abin hawa ba, tsoho kuma ba ya iya sauri idan ya shiga tsakiyar titi. Wannan ne ya sa taron kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a sa'a a wuraren da mutane da ababen hawa suke cakuɗuwa.

A ɗauki misalin yaron da ke tafiyar minti 15 zuwa makarantar boko da minti 10 zuwa Islamiyya. Zuwa da dawowa ya tashi minti 50, wato ya kusa cika mizanin yini tun bai yi wasa ba. Ranar da tsoron titi ya sa aka fara ɗora shi a kan kabu-kabu, wannan minti 50 ya tafi, ga kuma kuɗin da uba zai riƙa biya.

6.3 Magudanan Ruwa da Shara

Buɗaɗɗiyar kwata da ramuka da tarin shara da ruwan da ke kwanciya da damina ƙananan abubuwa ne ga matashi, domin tsallakewa zai yi. Ga mai sanda ko mai raunin gani kuwa, kowannensu shinge ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Tsohon da ya taɓa faɗuwa sau ɗaya yakan ji tsoron fita. Rashin fitar kan raunana ƙafafunsa, raunin kuma ya ƙara kusantar da shi ga wata faɗuwar. Ta haka ne kwata guda kan zaunar da mutum a gida shekara da shekaru.

6.4 Zafi da Inuwa da Wurin Hutawa

A gari irin Sakkwato inuwa ba ado ba ce. Yara da tsofaffi sun fi kowa saurin galabaita da zafi da ƙishirwa. Hanyar da ke da dogon yaro ko wata bishiya mai inuwa tana biyuwa ko da bazara, wadda kuwa aka sare itatuwanta aka jera katangun siminti da rufin kwano sai dole ke sa a bi ta. Haka nan dakali. Gidajen zamani da yawa sun maye gurbin zaure da dakali da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, alhali dattijo yana auna tafiya ne da inda zai zauna ya huta. Jagoran birane masu dacewa da tsofaffi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007, bayan jin ta bakin tsofaffi a birane 33, ya ambaci wuraren zama da hanyoyi masu kyau da makewayi cikin manyan buƙatunsu. Da hunturu kuma ƙurar hanyar da ba a gyara ba takan tayar wa masu asma da tari ciwo.

6.5 Haske da Tsaro

Wasan dare ya dogara ne ga farin wata da amincin unguwa. Inda lungu ya yi duhu, ko ake fargabar masu ƙwacen waya da 'yan shaye-shaye da satar yara, magariba na yi ake rufe ƙofa. A gari mai zafi wannan babbar hasara ce, domin safiya da dare su ne lokutan da jiki ya fi jin daɗin motsi.

A sake ɗaukar misalin dattijon da ke tafiyar minti 5 zuwa masallaci. Zuwa da dawowa sau biyar ya ba shi minti 50 a yini, wato minti 350 a mako. Ko da tafiyar ta sannu ce, tana riƙe masa ƙarfin ƙafa, tana kuma haɗa shi da jama'a. Idan duhu ya hana shi Asuba da Isha'i, zafi ya hana shi Azahar, abin da ya rage masa minti 20 ne kacal. Niyyarsa ba ta sauya ba, hanyar ce ta sauya.

6.6 Kusancin Wuraren Buƙata da Zamantakewa

A wannan fanni unguwanni irin su Gidan Dare suna da abin alfahari. Masallaci da shago da mai kayan miya da injin niƙa da makaranta duk ana isa gare su a ƙasa, saɓanin rukunin gidajen da ke bayan gari inda ko burodi sai an hau abin hawa. Wannan shi ne abin da masu tsara birane a ƙasashen da suka ci gaba suke ƙoƙarin dawo da shi. Haka kuma inda maƙwabta suka san juna, uwa takan bar ɗanta ya fita, tsoho kuma yakan sami wanda zai riƙa masa hannu.

Sai dai a lura, ba kowane motsi ne alheri ba. Almajirin da ke yawon bara cikin rana ba takalmi, da yarinyar da ke yini da farantin talla a ka, da tsohon da talauci ya tilasta wa tura baro, duk suna motsi, amma wahala ce mai cin jiki da jefa rai cikin haɗari. Abin da ake nema shi ne motsi cikin aminci da mutunci.

7.0 Rawar da Malamin Hausa zai Taka

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa malamin Hausa da wannan batu. Amsar ita ce, wasannin yara da waƙoƙin gaɗa da tashe rassa ne na adabin baka da al'ada, kuma dandali ne makarantarsu. Idan dandali ya tafi, kalmomi da waƙoƙi da hikimomin da ke cikinsu za su bi shi. A unguwanni da yawa filin makaranta ne kaɗai sararin da ya rage. Don haka ana sa ran malami ya kula da waɗannan abubuwa:

(a) Ya koyar da wasannin gargajiya a aikace. Maimakon rubuta ma'anar langa a allo kawai, ya fitar da ɗalibai fili da sanyin safiya su yi ta, sannan a dawo aji a tattauna kalmominta da dokokinta. Gani ya kori ji.

(b) Ya ba 'yan mata nasu wuri da lokaci, domin kada maza su mamaye filin gaba ɗaya. Ya kuma nemi wasan da mai lalurar ƙafa ko ta gani zai iya shiga.

(c) Ya kare lokacin tara da filin makaranta. Bai dace a riƙa cinye lokacin hutu da darasi ko horo ba, kuma ya kamata a faɗakar da hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai illar yanka fili don gina shaguna.

(d) Ya haɗa yara da kakanninsu. Aikin gida da zai sa yaro ya raka kakarsa gidan barka, ko ya tambayi kakansa wasannin zamaninsu ya rubuto, yana amfanar harshe da jiki da zumunci a lokaci guda.

(e) Ya yi amfani da darasin insha'i da rubuta wasiƙa. Ɗalibai na iya siffanta hanyarsu ta zuwa makaranta, ko su rubuta wa mai unguwa ko kansila ko hukumar tsara birane ta jiha wasiƙa a kan wata kwata ko mararraba mai haɗari.

(f) Ya shiga cikin aikin gayya. Rufe kwata da yashe magudana da dasa itatuwa da gina dakali a ƙofar masallaci da sanya fitila mai aiki da hasken rana ayyuka ne da jama'ar unguwa za su iya yi da kansu. Addinin Musulunci ya ɗauki kawar da abin cutarwa daga hanya a matsayin sadaka, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka.

Malami yana da madogara a doka. Sashe na 31 na Yarjejeniyar 'Yancin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ya tabbatar wa yaro haƙƙin hutu da wasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha a matsayin amana, don haka neman a keɓe wa unguwa filin wasa neman haƙƙi ne a wurin da ya dace.

8.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa motsin yaro da na tsoho ya rataya ne a kan abubuwan da ke ƙofar gidansu: fili da titi da kwata da inuwa da haske da amanar maƙwabta. An ga yadda tsohon tsarin birnin Sakkwato ya saƙa motsa jiki cikin wasa da ibada da zumunci, da yadda cikar unguwanni irin su Gidan Dare ta riƙe wani ɓangare na wannan gado, kamar kusancin masallaci da kasuwa, ta kuma sa wani ɓangaren cikin matsi, kamar dandali da dakali. Kafin malami ya kira yaro rago, ko iyali su ce tsufa ya kwantar da mahaifinsu, ya kamata a fara taka hanyar da ake so su bi, a duba ko tana biyuwa.

9.0 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Mene ne muhallin unguwa? Kawo rassansa uku tare da misalai.
2. Bayyana hanyoyi huɗu da tsarin unguwar Bahaushe ta gargajiya ya samar wa tsofaffi motsa jiki.
3. Minti nawa Hukumar Lafiya ta Duniya ta so yaro ya yi yana motsa jiki a yini? Me aka ƙara wa wanda ya kai shekara 65?
4. Tattauna dangantakar da ke tsakanin ɓacewar dandali da raunin adabin baka na yara.
5. Me ya bambanta motsin almajiri mai bara da motsin yaro mai wasan langa?

10.0 Aikin Fili

Ɗalibai su kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zaɓi hanya ɗaya a Gidan Dare ko a unguwar da ya fi kusa da ita, daga wata makarantar firamare zuwa masallaci mafi kusa. A bi hanyar sau biyu, da safe da kuma bayan La'asar. A ƙirga itatuwa masu inuwa da wuraren zama da buɗaɗɗun kwatoci da wuraren tsallaka titi da filayen da yara ke wasa. Bayan neman izini cikin ladabi, a zanta da dattijo ɗaya da tsohuwa ɗaya a kan inda suke zuwa a ƙasa da inda suka daina zuwa, da dalilin dainawar. A rubuto rahoto cikin daidaitacciyar Hausa wanda bai wuce shafi uku ba, ba tare da ambaton sunan kowa ba, a kuma kawo shawara ɗaya da jama'ar unguwar za su iya aiwatarwa da kansu.